Gwajin DNA a Iran: yana gane mutum, amma yana gane ƙabila?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a waje tare da wani ɗan Iran. Ya ba ni labari cewa har yau ana tono ƙasusuwan sojojinsu da suka ɓata a yaƙinsu da Iraƙi, a gane su ta gwajin DNA, a mayar wa iyalansu. Shi kuma ya aika yawunsa wani kamfani, sakamako ya fito, yana ta cika baki wai shi Bafarishe ne tsantsa, jinin Ariyawa. Shin gwajin iri ɗaya ne? In har yana gane ƙashin da ya shekara talatin a ƙasa, ashe zai iya faɗin ƙabilar mutum, ko ma ya tabbatar da sharifi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi biyu ka haɗa a ƙwarya ɗaya, kuma ba laifinka ba ne, don masu tallar gwajin ma haka suke haɗa su. Ta farko ita ce "wane ne wannan?" Ta biyu kuma "daga ina kakanninsa suka fito?" DNA yana amsa ta farko da ƙarfin da ba wata shaida da ta kai shi, muddin an yi aikin da tsabta kuma an yi lissafin daidai. Ta biyun kuwa ƙiyasi yake yi, kuma a ƙasa irin Iran ƙiyasin ya fi yadda ake zato rauni. Abin da abokinka ya faɗa game da sojoji gaskiya ne. Abin da ya faɗa game da kansa, takardar da ke hannunsa ba ta isa ta faɗe shi ba.

Bari in fara da yadda ake gane mutum. A cibiyar ƙwayoyin jikinka akwai kuromosom 46, rabi daga mahaifiyarka rabi daga mahaifinka. Rubutun da ke cikinsu, wato DNA, da haruffa huɗu kacal aka yi shi, A da C da G da T, kuma kowane rabi ya kai haruffa biliyan uku. Kusan dukan rubutun iri ɗaya ne tsakanina da kai da abokinka, don haka mai bincike ba ya ɓata lokacinsa ya karanta littafin duka. Wuraren da rubutun ke in'ina yake nema, inda wata 'yar kalma mai haruffa huɗu za ta yi ta maimaita kanta. A wani gurbi da ake kira TH01, a kan kuromosom na 11, kalmar AATG ce ke maimaituwa, a wani mutum sau shida, a wani sau tara. Irin waɗannan gurabe su ake kira STR. Tunda kwafi biyu gare ka, lamba biyu za ka samu a kowane gurbi, ɗaya ta uwa ɗaya ta uba.

A ɗakin gwaji abin ba shi da wani kwarjini. Ɗigon jini ne a kan wani kati, ko auduga da aka goga a cikin kumatu. A huda katin a ciro ɗan guntu kamar ƙwayar gero, a jefa a 'yar kwalba tare da sinadarai, a sa a injin da ke zafi ya yi sanyi ya sake zafi wajen sau talatin, kowane zagaye yana ninka gurabin da ake so. Wannan dabara ita ce PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983. Daga nan a tura ruwan ta wani siririn bututu kamar gashi, guntayen da suka fi gajarta su riga fita, sai ka ga tsinin layuka masu launi sun tsaya a fuskar kwamfuta, shuɗi da kore da rawaya da ja, kowane da lambarsa a ƙasa. Shi ke nan. Jerin lambobin nan shi ne shaidar mutum. Hukumar FBI ta Amurka ta tsayar da gurabe 13 a 1997, ta ƙara su zuwa 20 a farkon 2017, kuma kayan gwajin da ake sayarwa a duniya, har da waɗanda ake aiki da su a Iran, galibi a kan waɗannan gurabe aka gina su. Tushen fannin kuwa Alec Jeffreys ne a Jami'ar Leicester ta Ingila, a 1984, kuma abin da mutane ba su cika sani ba shi ne ba da kisan kai aka fara gwada shi ba. A 1985 aka yi amfani da shi wajen tabbatar da cewa wani yaro ɗan asalin Ghana ɗan mahaifiyarsa ne, bayan jami'an shige da fice na Birtaniya sun yi shakka.

To, a ce lambobin jinin da aka samu a wuƙa sun yi daidai da na wanda ake zargi. Alƙali zai tambaya: mutum nawa ne a gari za su iya samun irin lambobin nan? A nan ne zancen Iraniyawa ya shigo, domin amsar ta dogara da yawan kowace lamba a cikin al'ummar da ake magana a kai. Ga misali da na ƙaga don bayani kawai. A ce a TH01 lamba 6 tana cikin kashi ɗaya bisa huɗu na kuromosom ɗin mutanen wani yanki, lamba 9 kuma ɗaya bisa biyar. Yiwuwar baƙon mutum ya zo da 6 da 9 tare ita ce biyu sau ɗaya bisa huɗu sau ɗaya bisa biyar, wato ɗaya cikin goma. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma in kowane gurbi ya ba da ɗaya cikin goma, ka ninka gurbi 15, sai ka sami ɗaya cikin tiriliyan dubu. Daga nan manyan lambobin da kake ji a labarai suke fitowa.

Sai dai yawan lambobin yana sauyawa daga al'umma zuwa al'umma. A wannan gurbi na TH01 akwai wata lamba, 9.3, da ta yi yawa a tsakanin mutanen arewacin Turai fiye da sauran wurare. In ka ɗauki teburin Jamusawa ka yi wa mutumin Zahedan, a kudu maso gabashin Iran, lissafi, kana iya zuzuta shaida ko ka rage mata ƙarfi ba ka sani ba. Shi ya sa masu bincike a jami'o'in Iran da kuma Hukumar Likitancin Shari'a ta ƙasar, wadda suke kira Pezeshki-ye Ghanuni kuma take ƙarƙashin ɓangaren shari'a, suka daɗe suna tattara jinin mutanen larduna da ƙabilu daban-daban suna fitar da teburan yawan lambobi. Aiki ne mai gundura, ba ya sa sunan kowa a jarida, amma in babu shi lambar da ake karanta wa alƙali shaci-faɗi ce.

Kuma Iran ba ƙasar kai ɗaya ba ce. Ga Farisawa a tsakiya, ga Azeriyawa masu yaren Turkanci a arewa maso yamma, ga Kurdawa da Lurawa da Bakhtiyari a duwatsun Zagros, Gilak da Mazandarani a gaɓar tekun Kasfiya, Larabawa a Khuzestan, Baluchawa da Sistaniyawa a kudu maso gabas, Turkumawa a Golestan, makiyayan Ƙashƙayi a lardin Fars. Ga Armeniyawan da Shah Abbas ya kwaso zuwa Isfahan a farkon ƙarni na 17, ga mabiya addinin Zaradusht a Yazd da Kerman, ga miliyoyin 'yan Afghanistan da suka zauna a ƙasar. A gaɓar kudu, wajen Bandar Abbas da tsibirin Ƙeshm, akwai baƙaƙen fata Iraniyawa waɗanda kakannin da yawansu daga gabashin Afirka aka kawo su ta hanyar cinikin teku da cinikin bayi, wanda sai a 1929 ƙasar ta haramta bauta.

Abu na biyu da ke dagula lissafin, kuma Bahaushe zai gane shi nan take, shi ne auren zumunci. Farisawa har karin magana gare su cewa auren ɗan wa da 'yar ƙane a sama aka ɗaura shi. Wani babban bincike da Mostafa Saadat da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, a kan ma'aurata fiye da 300,000, ya gano kashi 38.6 cikin ɗari na auren na dangi ne, kuma kashi 27.9 tsakanin 'ya'yan wa da ƙane ne ko taubasai. Wancan lissafi na ninkawa da na yi maka a sama ya ɗauka cewa mutane na aure ne barkatai, kowa da kowa. A ƙauyen da aka shekara ɗaruruwa ana aure a cikin gida, ba haka abin yake ba. Ɗan da iyayensa 'ya'yan wa da ƙane ne, a kowane gurbi yana da yiwuwar ɗaya cikin 16 cewa kwafinsa biyu daga kaka guda suka gangaro, don haka lambobi masu maimaita juna, kamar 8 da 8, sukan yi yawa. Maƙwabcinsa kuma, wanda a takarda baƙo ne, a jini ɗan'uwa ne ta hanya uku ko huɗu.

Dubi yadda zumunci ke cinye wancan tiriliyan dubu. A misalin nan na 6 da 9, baƙo ɗaya cikin goma ne zai dace, amma ɗan'uwanka na ciki ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, kusan huɗu cikin goma ne, domin daga tukunya ɗaya kuka ɗiba. Ninka wannan sau 15, za ka sami kimanin ɗaya cikin miliyan ɗaya da rabi. Har yanzu shaida ce mai ƙarfi, amma ina tiriliyan dubu ina miliyan ɗaya da rabi? Masana na da gyaran da suke sawa a lissafi domin wannan, wata 'yar lamba da ake kira tita. Kwamitin masana na Amurka ya ba da shawara a 1996 a sa 0.01 ga jama'a gaba ɗaya, 0.03 ga ƙananan al'ummomi da ke aure a tsakaninsu. Ni a ganina, duk rahoton da aka rubuta kan mutumin karkarar Baluchestan ko Lorestan ba tare da wannan gyara ba, kuma ba tare da an tambaya ko wanda ake zargi yana da 'yan'uwa maza a kusa ba, rahoto ne da bai cika ba, ko da injin ya yi aikinsa daidai. Haka a gwajin uba: in mutum biyun da ake taƙaddama a kansu wa da ƙane ne, kuma matar 'yar baffansu ce, dole a ƙara yawan gurabe, in son samu ne ma a gwada su duka biyun.

Yanzu ga sojojin. Yaƙin Iran da Iraƙi ya ɗauki shekara takwas, daga 1980 zuwa 1988, kuma dubban mutane sun ɓata a fagen daga, musamman a fadamun kudu, wajen Shalamche da Faw da tsibiran Majnun. Aikin neman gawarwakinsu Iraniyawa na kiransa tafahhos. A 2008 ƙasashen biyu suka sa hannu a wata yarjejeniya tare da ƙungiyar Red Cross ta duniya a Geneva kan neman waɗanda suka ɓata da musayar gawarwaki. A 2015 aka dawo da ƙasusuwan masu ninƙaya 175 da suka mutu a farmakin Karbala 4 na ƙarshen 1986, aka yi musu jana'izar da ta cika titunan Tehran. Wanda aka same shi da 'yar farantin ƙarfen da soja ke ratayawa a wuya, wadda suke kira pelak, aikinsa ya zo da sauƙi. Wanda ba a samu ba, sunansa shahid-e gomnam, shahidin da ba a san sunansa ba. Da yawa an binne su a harabar jami'o'i da wuraren taruwar jama'a, kuma lokaci zuwa lokaci akan ji an gane ɗaya daga cikinsu bayan shekaru, saboda an ajiye samfurin ƙashinsa kafin a rufe shi.

Aiki da tsohon ƙashi ba kamar na ɗigon jini ba ne. Ana zaɓar ƙashi mai kauri, kamar na cinya, ko haƙorin turmi, ko wani ƙashi mai tauri da ke bayan kunne. A kankare bayansa don a cire dattin ƙasa da gumin duk wanda ya taɓa shi, a yanko guntu, a niƙa ya zama gari, a jiƙa a sinadarin da ke narkar da ƙarfin ƙashi, sannan a tace ɗan abin da ya rage. Zafi da danshi da gishiri su ne abokan gaban DNA, kuma fadamun Khuzestan sun haɗa duka ukun. Sau da yawa abin da ake samu guntaye ne, gurabe masu tsawo sun ɓace, sai gajeru. Mai aikin yana sanye da riga da takunkumi da safar hannu biyu, don atishawa ɗaya tasa ta fi abin da ke cikin ƙashin yawa. Wanda ke ganin wannan tsoro ya yi yawa, ya tuna abin da ya faru a Jamus: 'yan sanda sun shekara da shekaru suna farautar wata mata da DNA ɗinta ya bayyana a wuraren laifi da dama a Jamus da Ostiriya da Faransa, sai a 2009 aka gano ma'aikaciya ce a masana'antar da ke haɗa audugar da suke ɗaukar samfuri da ita.

Ko an fitar da lambobi daga ƙashi, ba su da amfani sai da abin kwatantawa. Mamacin bai bar jininsa a ajiye ba, sai a koma ga danginsa. Mafi kyau uwa da uba tare, domin kowace lamba ta ɗan dole ta fito daga ɗayansu. Matsalar ita ce da yawa daga waɗanda suka mutu samari ne da ba su yi aure ba, kuma iyayensu sun tsufa, suna ta rasuwa. Shi ya sa aka dage da tattara jinin iyayen waɗanda suka ɓata tun suna raye. In babu iyaye, sai 'yan'uwa, kuma ƙarfin shaidar ya ragu. Ga kuma wani ƙulli da injin ba ya kwancewa: in gida ɗaya ya rasa 'ya'ya biyu, ba wanda ya bar baya, gwaji zai ce wannan ƙashi ɗan wane da wance ne, amma ba zai ce babban ne ko ƙaramin ba. Sai a koma ga tsawon ƙashi, da shekarun da haƙora suka nuna, da tsohuwar karaya da uwa ta tuna, da wurin da aka tono shi. Irin wannan aiki aka yi bayan an harbo jirgin saman Ukraine kusa da Tehran ranar 8 ga Janairun 2020, inda mutum 176 suka mutu, aka karɓi samfurin iyalai don gane gawarwaki.

A nan ne alamomi biyu na musamman ke taimakawa, kuma su ne gadar da ta haɗa tambayarka ta farko da ta biyu. Kuromosom Y daga uba zuwa ɗa namiji yake tafiya kusan ba canji. DNA na maitokondiriya kuwa, wani ɗan zobe ne mai haruffa 16,569 da kowa ke gada daga uwa kaɗai, kuma saboda kwafinsa na da yawa a kowace ƙwaya, yakan tsira a ƙashin da komai ya lalace. Da Y, jikan baffa zai iya tsayawa a madadin mamaci. Da na uwa, ɗan 'yar'uwarsa zai iya. A shari'ar fyaɗe ma Y na da amfani, don yana tsamo namiji daga samfurin da DNA na mace ya rinjaya. Amma ka lura da iyakarsa: Y gida yake nunawa, ba mutum ba. Uba da ɗa da baffa da 'ya'yan baffa maza duk iri ɗaya suke ɗauke da shi. A birnin da kowa baƙon kowa ne wannan ƙaramar matsala ce. A tsakanin Bakhtiyari ko Baluchawa, inda zuriyar kaka ɗaya za ta iya cika ƙauyuka, daidaiton Y yana iya nufin maza ɗaruruwa. Akwai rumbun bayanai na duniya a Berlin, YHRD, da ake duba yawan kowane nau'in Y, da wani a Innsbruck, EMPOP, na ɓangaren uwa, amma rumbu ba ya sanin abin da ba a zuba masa ba, kuma ƙauyen da ake magana a kai wataƙila ba a taɓa ɗaukar jinin kowa a cikinsa ba.

Mu dawo kan abokinka. Kamfanonin asali ba STR suke dubawa ba. Suna duba wurare dubu ɗaruruwa inda harafi ɗaya ya bambanta, su kwatanta da mutanen da ke rumbunsu waɗanda suka ce kakanninsu daga wuri kaza suke. Abin da sakamakon ke cewa shi ne "ka fi kama da waɗannan," ba "ga ƙabilarka" ba. Kamfanin 23andMe, alal misali, ya sa Iran da yankin Kafkas da ke arewa da ita da Mesofotamiya, wato yankin Iraƙi, a rukuni ɗaya. Wanda ya ga kashi 99 a wannan rukuni zai iya zama Bafarishe, ko Bakurde, ko ma mutumin wata ƙasa maƙwabciya. Kuma in kamfani ya sabunta rumbunsa, kason mutum ya sauya, alhali jininsa bai motsa ba.

Binciken da ya fi dacewa da tambayarka shi ne na Zohreh Mehrjoo da abokan aikinta, na haɗin gwiwar masana a Tehran da Cologne, da ya fito a 2019. Sun duba mutum 1,021 daga ƙabilu 11. Bakwai daga ciki, wato Farisawa, Kurdawa, Lurawa, Azeriyawa, Larabawan Iran, Gilak da Mazandarani, sun cakuɗe a dunƙule ɗaya, suna hawa kan juna. Huɗu ne suka ja gefe: Baluchawa, Sistaniyawa, Turkumawa da mutanen tsibiran Tekun Fasha, kowanne da alamar cuɗanya da maƙwabtansa, na kudancin Asiya ko tsakiyar Asiya ko Afirka. Ka ga ke nan Ba'azeriye mai Turkanci da Balaraben Ahwaz da Bafarishen Shiraz, harsuna uku daga iyalai uku mabambanta, a jini sun fi kusa da juna fiye da yadda harshensu ke nunawa. Masu binciken sun fassara wannan da cewa sau da yawa harshe ne ya sauya, mutanen suna nan inda suke. Mu ma mun san wannan a gida: nawa ne ke kiran kansu Hausawa yau alhali kakansu na uku da wani harshe ya tashi?

A ɓangaren Y, Viola Grugni da abokan aikinta sun gwada maza 938 daga rukuni 15 na Iraniyawa a 2012. Masana sun kasa nau'o'in Y zuwa rassa na zuriya, kowane reshe da harafinsa. Reshen J ne ya fi yawa, kusan kashi 31 cikin ɗari, sai R kusan 29, G kusan 12, E kusan 9. Ba ƙabilar da ke da reshe ɗaya tak, kuma manyan rassan sun ratsa ƙabilu da yawa. Bambancin na yawa ne kawai: J1 ya fi yawa a Larabawan Khuzestan, Q ya yi fice a Turkumawan Golestan, rassan Afirka sun bayyana a Hormozgan. Masu zancen "jinin Ariyawa" R1a, wani ƙaramin reshe na R, suke riƙewa, amma mafi yawan mazan Iran ba sa ɗauke da shi, kuma yana da yawa a Poland da Rasha da arewacin Indiya da Kirgistan. Kalmar Ariya kanta suna ne da masu wasu harsuna suka kira kansu da shi a da, daga ita sunan Iran ya fito. Harshe da al'ada take nunawa, ba wata alama da za a gani a bututun gwaji ba. In reshe ne ke yanke asali, to ka sani wani ɗan'uwan wannan reshe, R1b-V88, yana da yawa a tsakanin masu harsunan Cadi a arewacin Kamaru da ƙasar Cadi, har da wasu Hausawa. Wannan bai mai da su Turawa ko Farisawa ba, don rassan biyu sun rabu fiye da shekara dubu ashirin da suka wuce, tun ba a san da Farisa ko Daura ba.

"Tsantsa" ɗin ma ba ta da wurin zama. A 2016 aka fitar da DNA daga ƙasusuwan manoma da makiyayan awaki na farko a duwatsun Zagros, irin na Ganj Dareh kusa da Kermanshah, masu kimanin shekara dubu goma. An tarar sun bambanta ƙwarai da manoman Anatoliya, wato Turkiyya ta yau, na zamaninsu, ko da yake maƙwabta ne. Daga baya waɗannan al'ummomi suka gauraya, aka sami ƙarin jini daga wasu wurare, kuma Iraniyawan yau 'ya'yan wannan gauraya ne. Sannan ka yi wannan ɗan lissafi: in ka koma baya kaka goma, gurabin kakanninka 1,024 ne. Y na ba ka labarin ɗaya, na uwa ya ba ka labarin ɗaya. Sauran 1,022 ba su ce komai ba.

Zancen sharifi, waɗanda a Iran ake kira sayyid kuma malamansu ke naɗa baƙin rawani, yana buƙatar taka tsantsan. Gwaji kwatantawa yake yi, kuma babu samfurin da za a kwatanta da shi daga ƙarni na farko na Hijira. Abin da zai iya yi shi ne ya nuna ko gidaje biyu da ke da'awar kaka ɗaya ta wajen uba suna da Y iri ɗaya. Wani bincike na 2010 a kan masu kiran kansu sayyid daga Indiya da Pakistan ya tarar suna da alamun asalin Larabawa fiye da maƙwabtansu, amma ba su haɗu a kan kaka namiji guda na kusa ba. Wannan bai nuna wane gida ne na gaskiya ba, kuma bai shafi wanda nasabarsa ta bi ta wajen mace ba. Nasaba a wurin malamai da shahara da shaidu da rubutacciyar silsila take tabbata, abin da Iraniyawa ke kira shajarename. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ce zai ba ka takardar sharifta daga yawu, ya ci kuɗinka ne kawai.

Ko a nasabar kusa, inda gwajin ke da ƙarfi sosai, shari'a ba ta sakar masa linzami ba. Sashe na 1158 na dokar farar hula ta Iran ya bi ƙa'idar "ɗa na mai shimfiɗa ne": yaron da aka haifa cikin aure na mijin ne, in dai tsakanin saduwa da haihuwa bai gaza wata shida ba, bai kuma wuce wata goma ba. Kotuna na tura taƙaddamar nasaba ga Hukumar Likitancin Shari'a, amma sakamakon ra'ayin gwani ne da alƙali zai auna, kuma a shari'ar laifi yana shiga ne ta ƙofar abin da suke kira elm-e ghazi, wato sanin da alƙali ya samu daga hujjojin da ke gabansa. A ɓangaren Ahlus Sunna, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 2002 ta halatta amfani da gwajin wajen binciken laifukan da ba na haddi ko ƙisasi ba, da gane gawarwaki, da jariran da suka cakuɗe a asibiti, amma ta hana a kore nasabar da ta riga ta tabbata da shi, ko a gabatar da shi a kan li'ani.

In kun sake haɗuwa da abokin naka, ka ce ya buɗe shafin sakamakon ku duba tare. Ku ga sunan rukunin da aka sa shi, da ƙasashen da rukunin ya ƙunsa, da adadin mutanen da aka kwatanta shi da su. In akwai wurin da ake ɗaga matakin tabbaci, ku ɗaga shi zuwa kashi 90, za ku ga wani ɓangare na kason ya koma rukuni mai faɗi ko ya zama wanda ba a tantance ba. Sannan ka tambaye shi garin kakarsa ta wajen uwa, da harshen da take yi wa jikokinta faɗa da shi.